Wane fim za mu haska? Yadda aikin ƙaramar sinimarmu ke tafiya

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Alhamdulillah yau muka karɓi mukullin ɗakin. Tsohon gidan kallon ƙwallo ne, mun share mun kwashe bencina mun jera kujerun roba sai muka ga 46 yake ɗauka in ana so mutum ya miƙe ƙafa, kuma na dage sai an bar hanya a tsakiya an buɗe ƙofa ta biyu ta baya, don duk wanda ya san labarin gobarar sinimar El Duniya ta 1951 a nan Kano wadda ta ci mutum sama da 300 ba zai yi wasa da maganar ƙofa ba. Mu uku ne a aikin, ni da abokina da ya sa kuɗin majigi da sifiku, sai ƙanwata mai riƙe da lissafi. Ni nawa shi ne zaɓen fim, kuma tun yau na gane nawa ne mai wahalar. Sau ɗaya a sati za mu riƙa haskawa, ranar Asabar, wata uku na farko fim 12 kenan. Na buɗe sabon littafi na rubuta 1 zuwa 12 a gefe, har yanzu ba komai a gabansu.

Talata, 14 ga Janairu

Munyi musu sosai da abokina jiya. Shi a ganinsa mu cika jadawalin da sababbin fina-finan Kannywood da Indiya-Hausa tunda su mutane suka sani su zasu sayi tikiti, ni kuma nace masa to me zai sa mutum ya baro gida ya biya kuɗin adaidaita ya zo kallon abin da yake cikin wayarsa, wanda da naira kaɗan masu turawa a bakin titi za su loda masa, ga YouTube ga Arewa24. Ba raina namu nake ba wallahi, tun Turmin Danya na 1990 zuwa yau abin da aka gina a garin nan ba ƙarami bane, kuma mun yarda duk wata za a sa fim ɗin gida guda ɗaya in dai mai shi ya amince kuma wani daga cikin waɗanda sukai aikin zai zo ya zauna ayi hira da shi bayan an gama. Amma sauran ukun ina so su zama abin da ɗan Kano ba zai taɓa cin karo da shi da kansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne akwai fina-finai da Hausa, Hausa tsantsa irin ta kakanninmu, da akai su nan maƙwabta a Nijar, sun zaga Turai an tafa musu, amma mu da aka yi su da harshenmu bamu taɓa jin ko sunansu ba. Daga nan zan fara.

Asabar, 25 ga Janairu

Sati guda kenan ina kallo, kullum bayan Isha'i fim ɗaya, da littafi a gefe ina rubuta tsawonsa da harshen da akai shi da duk wurin da na san zai tada magana.

Wanda ya fi kama ni na Sani Magori ne ɗan Galmi, Kukan Kurciya, na 2010. Ba wasan kwaikwayo bane, mutanen gaske ne. Wata tsohuwar zabiya ce wadda a zamanin ƙuruciyarta waƙarta ke zuga samari su tafi ci-rani ƙasashen bakin teku, mahaifin daraktan ma yana cikin waɗanda suka tafi Abijan suka zauna, shi ne ɗan ya je ya roƙe ta ta bi shi har can ta yi waƙar da za ta dawo da su gida. Na kalle shi ni kaɗai a waya amma sai da na tsayar na tashi na zaga tsakar gida, don wane gida ne a Arewa ba shi da wanda ya tafi Legas ko Kurmi ko Saudiyya yace shekara ɗaya zai yi. Wannan shi ne lamba 1 a zuciyata. Yana da wani kuma na 2008 kan noman albasar Galmi, inda auren wata yarinya ya rataya kan yadda albasa za ta yi kuɗi a shekarar, shi ma gajere ne, sai na ga ai za a iya haɗa su rana ɗaya in lokaci ya bari, ko a jera su sati biyu a jere mu aika wa 'yan kasuwar albasa gayyata.

Sai na Aisha Macky 'yar Damagaram. Na 2016 kan rashin haihuwa, ita da kanta ce a ciki tana ba da labarin halin da take ciki da gorin da mata ke sha, wannan ƙanwata tace a ware masa rana ta mata zalla kuma na yarda da ita nan take, don akwai maganar da mace ba za ta yi ba in maza na zaune. Ɗayan kuma, Zinder na 2021, kan matasan unguwar Kara-Kara ne, unguwar da asalinta ta kutare ce, da ƙungiyoyinsu da suke kira fale da ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin fetur daga Najeriya. Fim ne mai ƙarfi ƙwarai amma akwai bayanai masu nauyi a ciki, na sa masa alamar manya kawai na tura shi can wata na uku, sai mutane sun san mu sun yarda da mu tukuna.

Laraba, 29 ga Janairu

Yau na gano abin da ban lissafa ba, wato lokaci. La'asar wajen ƙarfe huɗu, kafin a fito masallaci a taru a zauna huɗu da kwata ta yi, Magariba kuma shida da 'yan mintuna a wannan sanyin, kenan abin da muke da shi bai kai awa biyu cikakku ba in za a bar wurin tattaunawa. Dare kuma ba ma so, don so muke mata da dattawa su zo, kuma kowa ya san sunan da sinimar dare ta yi a garin nan tun zamanin su Plaza da Orion da Wapa. To duk fim ɗin da ya wuce minti 100 sai dai a raba shi da sallah.

Wannan ya taɓa babban burina, Shaihu Umar. Fim ɗin Adamu Halilu na 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda dukkanmu muka karanta a makaranta, Umaru Ladan ne ya fito a Shaihun. Shekaru da yawa an ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifan asalin a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, wata cibiya a Balin ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi aka haska shi a bikin fina-finan Balin na 2018. Minti 142 ne. Ace Jamusawa sun zauna sun kalli uwar Umar tana ratsa sahara neman ɗanta suna karanta fassara a ƙasa, mu da za mu ji kowace kalma ba mu gani ba, wannan abin yana ci min rai. Na rubuta takardar neman izini na aika. In an samu, za mu tsaya a tsakiya ayi Magariba a dawo, yadda finafinan Indiya ke da hutun rabi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Maganar kuɗi. Da yawa suna ce min ai fina-finan nan suna intanet ka sauke kawai, wa zai sani. Ni dai nace a'a, in muna so mutane su girmama fim to mu fara girmama mai shi, kuma masana'antarmu ta nan ai satar fasaha ce ta karya mata kasuwar faifai, ba zan buɗe wuri da ita ba. Na aika saƙo wurare bakwai, huɗu sun amsa. Wani kamfani a Faransa da ke riƙe da haƙƙin ɗaya daga cikin fina-finan yace yuro 300 haskawa ɗaya, a canjin yanzu abin ya doshi naira dubu ɗari biyar, mu kuwa ko kujerun 46 sun cika a tikitin 1,500 abin da za mu tara 69,000 ne, ba a cire man janareta ba da lita ke neman dubu ɗaya. Na zauna na rubuta musu gaskiya dalla-dalla, na ɗauki hoton ɗakin da kujerun robar na haɗa da lissafin ƙanwata na tura. Bayan kwana uku suka dawo da yuro 50. Wata kuma mai fim da na samu kai tsaye tace kyauta, sharaɗinta kawai in turo mata hoton 'yan kallo in faɗa mata abin da sukace. Na lura in ka samu mai fim ɗin da kansa magana ta fi sauƙi, don shi burinsa a gani.

Mun kuma fara haɗa takardun Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa tun 2001, rajistar wurin daban, kowane fim kuma sai an kai an duba. Na tsara jadawalin yadda duk fim zai isa wurinsu da wuri.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wani dattijo a unguwar da ya yi aikin haska fim a ɗaya daga tsofaffin sinimomin gari ya ji labarinmu ya zo da sandarsa. Muna gwada majigi da wani tsohon fim, yana shigowa ko zama bai yi ba yace, “Yaro, ka ja musu fuska.” Nace Baba kamar yaya? Ya nuna allo da sanda yace dubi kan mutumin nan ya yi faɗi kamar faranti. Ashe majigin ne ya baje hoton ya cika allo, alhali tsofaffin fina-finai kusan murabba'i suke, 4:3, dole a bar baƙi dama da hagu. Na gyara, sai ga mutane sun dawo siffarsu. Ya sa aka kwance matatar iskar majigin, ƙurar hunturu ta toshe ta cikin sati biyar kawai, yace duk Juma'a a kakkaɓe. Sannan ya sa muka sauke sifiku daga saman bango muka dawo da su gefen allo daidai kunnen wanda ke zaune, yace murya daga bakin mai magana ya kamata ta fito ba daga rufi ba.

Da muka zauna shan shayi na karanto masa jerin da na yi, ya saurara har ƙarshe sannan yace, “Duk masu kyau ne ɗana, amma ka jera kuka huɗu a jere. Wanda ya yi kuka wannan Asabar ɗin ka ba shi dariya mai zuwa, in ba haka ba ba zai dawo ta uku ba.” Na koma gida na sake jerin gaba ɗaya a daren.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Jiya Allah ya yi wa Souleymane Cissé na Mali rasuwa a Bamako, kwana uku kafin a buɗe bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu inda shi ne zai shugabanci alƙalan manyan fina-finai. Allah ya jiƙansa. Shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin sau biyu, 1979 da 1983, kuma Yeelen ɗinsa na 1987 ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finan Kan ta Faransa. Da ma Yeelen na cikin jerina, na sake kallonsa daren jiya, kyan hoto kam ba a magana, amma labarin tsafi ne tsakanin uba da ɗa kuma akwai wurin wanka da ba zai yiwu a ɗakinmu ba. Abokina yace a yanke wurin mana, minti nawa ne. Na ƙi. Dokar da na sa wa kaina ita ce ba za mu sa almakashi a fim ɗin wani ba, in za mu iya haska shi yadda mai shi ya yi shi mu haska, in ba za mu iya ba mu bar shi mu nemi wani, fina-finai ba su ƙare ba. Mutumin da ko kwana biyu bai yi da rasuwa ba ba zan fara da datse masa aiki ba. Na nemi Baara ɗinsa na 1978 in kalla, in ya dace shi za mu sa don tunawa da shi.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, mun ɗage buɗewa sai bayan sallah, kuma hakan ya yi min daɗi don aikin fassara ya fi yadda na zata nesa ba kusa ba.

Fim ɗin dariyar da Baba ya nema na samo shi, Mandabi na Ousmane Sembène ɗan Senegal, 1968, da Wolof akai shi. Wani magidanci ne a Dakar mai mata biyu da 'ya'ya bakwai ba shi da aiki, ɗan ɗan'uwansa ya aiko masa da takardar kuɗi daga Faris, ya je gidan waya karɓa akace sai da katin shaida, katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto, kafin ya ga ko sisi unguwa duk ta ji labari masu bashi da masu roƙo sun cika masa gida. Duk wanda ya taɓa bin layin NIN ko BVN zai ga kansa. Matsalar ita ce fassarar da ke jikinsa Turanci ce, kuma na gwada da mutum shida a gida, biyu ne kawai suke iya karantawa kafin rubutun ya wuce, mahaifiyata minti goma ta yi ta tashi. To in haka ne wa muke yi wa sinimar? Na nemi izini aka ba ni, na zauna yi masa fassarar Hausa da kaina.

Da manhajar Subtitle Edit nake aiki, kyauta ce. Layi biyu kawai ake so a allo, kowane layi kada ya wuce harafi arba'in da 'yan kai, kuma ya tsaya daƙiƙa biyu zuwa shida gwargwadon tsawonsa. Hausa kuwa tana son sarari, abin da Bature zai faɗa da kalma uku mu sai mun yi shida, ga gaisuwa, mutanen fim ɗin Musulmi ne irinmu gaisuwarsu doguwa ce, sai na gane ba sai na rubuta ta duka ba tunda salamu alaikum da alhamdulillahi kunne na ji da kansa. Inda aka sha wuya wurin habaici ne tsakanin matan gida da mai kanti, in ka bi Turancin kalma da kalma sai ya fito ba gishiri, dole in tsaya in tambayi kaina da a Fagge ne wannan matar me za ta ce. Wani layin sai in yi minti ashirin a kai. Bayan sahur nake zama zuwa hantsi, minti bakwai zuwa takwas na fim nake gamawa a rana.

Ranar farko da muka gwada a majigi duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wani ɗan akwati ya fito, ƙanwata tace ko mu cire lanƙwasar kawai tunda haka kowa ke rubutu a waya. Nace a'a, a babban allo ƙasa da kasa ba ɗaya bane. Ashe wurin ajiye fayil ɗin ne sai an zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, na canza suka fito tsaf. Na kuma ƙara girman rubutun na sa masa baƙin gefe don fararen riguna sun yi yawa a fim ɗin, farin rubutu ɓacewa yake a kansu.

Sarraounia na Med Hondo, 1986, shi ma yana jiran irin wannan aikin. Labarin sarauniyar Lugu ce ta ƙasar Arewa ta Nijar wajen Dogon Dutsi da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Labarin namu ne amma a Burkina Faso aka ɗauke shi kuma ba da Hausa ba, to ko ba komai in mayar wa sarauniyar harshenta a ƙasan allo. Sai dai awa biyu ne, sai zango na biyu in Allah ya kai mu.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Jiya muka buɗe. Kukan Kurciya. Mutum 31 suka zo, mata 12 a ɓangarensu na dama, Baba a kujerar gaba da sabuwar hula. Nepa ta ɗauke ana saura minti biyar a fara, janareta ya tashi a bugu na biyu, zafi kuwa fanka huɗu ba su isa ba sai mun ƙara. Na tsaya na yi bayanin minti uku kawai, waye ya yi fim ɗin, a ina, yaushe, ban faɗi labarin ba.

Ni ban kalli allo ba, a baya na tsaya ina kallon ƙeyar mutane. Minti goma na farko wayoyi na ta haske, wasu samari biyu na dariyar Hausar Nijar suna maimaita kalmomi. Da tsohuwar ta buɗe baki ta fara waƙa sai wayoyin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ɗakin ya yi tsit har ƙarar janareta kake ji daga waje. Da aka kunna fitila ba wanda ya tashi. Wata Hajiya ta ɗaga hannu tace, “Malam, wannan matar tana raye?” kafin in buɗe baki ta ci gaba da cewa yayanta ya tafi Kumasi tun tana budurwa, wasiƙa biyu ya aiko shikenan, tana magana tana goge ido da bakin mayafi. Daga nan hira ta ɓalle, wani yace laifin zabiyar ne tun farko, wani yace talauci ne ya kore su ba waƙa ba, har aka kira Magariba ba a gama ba.

Lissafin ƙanwata: tikiti 31, 46,500, mai da ruwan sha da kuɗin mai shara sun ci 19,000. A takardar da muka raba mutum 24 sun rubuta za su dawo, tara sun tambayi yaushe za a sa Shaihu Umar, uku sunce sautin ya yi ƙara a gaba. Asabar mai zuwa Mandabi, saura min minti 14 na ƙarshe ban fassara ba, kuma ina so mahaifiyata ta kalle shi daga farko zuwa ƙarshe ranar Laraba kafin in yarda rubutun ya yi daidai.